Rahama Mai Caji da Tsarabar Ikko

Duk wanda ya san unguwar bayan tasha a Matameye ya san gidan Rahama mai caji, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Shi ne gidan da farantan sola biyu ke zaune a kan rufinsa. In ka wuce zaure za ka tarar da dogon katako a ƙarƙashin rumfa, wayoyi kwance a kai sahu-sahu, kowace an ɗaura mata ɗan ƙyallen atamfar mai ita don kada a rikita. Maza suna da masu cajinsu a bakin kasuwa. Matan aure kuwa ba wadda ke yarda salularta ta wuni a hannun samarin kasuwa, waɗanda yatsunsu ba sa zama wuri ɗaya. Shi ya sa suke kawo wa Rahama, don an shaide ta da abu guda: ba ta buɗe abin da ba a ce ta buɗe ba, wanda ta gani bisa kuskure kuma ya mutu a cikinta. In an yabe ta sai ta ce ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ta kuwa san abin da take faɗa, don nata cikin yana riƙe da abin da ya fi na kowa nauyi. Ƴar Kurni ce. Ta yi makaranta har aji uku na kolej, sannan aka kawo ta Matameye gidan Munkaila, tana son sa yana son ta. Munkaila ɗan ci-rani ne kamar yawancin mazan unguwar: da an kai gero rumbu sai ya saɓa jaka ya bi ta iyakar Ɗan Barto zuwa Ikko, ya yi ta tallan agogo da tabarau, ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Shekara biyar suna haka. A ta shida ya dawo duk ya ƙare, tari ba sassauci, kafin a gama noman farko ya rasu. Mutanen gari suka ce sammu ne abokan talla suka yi masa, Rahama ba ta musa ba. Amma ita ta yi jinyarsa a asibiti a Damagaram, ita ce wata ma'aikaciya ta ja gefe ta gaya wa cewa sida ce, wato ƙanjamau, aka kuma ɗebi jininta aka duba, aka samu. Yau shekara tara ke nan tana shan ƙwaya ɗaya kullum, lafiyarta lau, ko mura ba ta cika yi ba. Duk wata uku takan shiga mota ta ce za ta Damagaram saro igiyoyin caji, ta dawo da su, da kwalbar magani a ƙasan jaka. A cikin wata tsohuwar samira take ɓoye kwalbar, can ƙarshen jeren kwanukan aurenta. Manema sun zo ta kore su da wasa da dariya, har aka gaji aka ce Rahama dai ba ta son aure.

Sana'ar nan ta koya mata abin da ba a faɗa a majalisa. Daga tafiyar maza zuwa dawowarsu wata bakwai ne cur, kuma jini ne ke gudu a jikin matasa, ba ruwan randa ba. Da can sai wasiƙa ta hannun direba, a gai da kowa da kowa, a rufe da sai mun zo. Yanzu kuwa maganar da ba ta wuce labule ita ce ke tsallaka iyaka a saƙon murya, daga murya kuma a koma hoto. Kada wani ya yi mini fuskar salihai, kowa ya san ana yi. Rahama ta sha ganin yarinya ta zo karɓar waya tana sunkuyar da kai tana murmushin da ba na kowa a gidan ba ne. Ba ta taɓa yi wa kowa wa'azi ba. A ganinta mai caji, caji ne nata.

A cikin masu kawo mata waya akwai Firdausi, wadda katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na Rahama. Shekararta ashirin da biyu, ta yi karatu har lise, wato babbar sakandare, yanzu tana ɗinki da keken da babanta ya saya mata. A gaban Rahama ta girma, Yaya take ce mata, kuma in Rahama ta dafa abu mai daɗi sai ta miƙa mata ta kan katanga. An yi mata baiko da Inusa, ɗan Rabi mai ƙuli-ƙuli, saurayi mai fara'a da ya girme ta da shekara biyar, yana aikin gini a Ikko. An sa biki bayan kaka.

Ranar da Inusa ya dawo, gidansu ya cika da masu barka da zuwa. Ya raba tsaraba, wannan sabulu, wancan takalmi, sai uwarsa ta ce cikin wasa ita ina nata. To al'ada ce ta ƴan ci-ranin nan, in mutum ya sayo sabuwar salula sai ya bar wa na gida tsohuwar. Nan take, a gaban mutane, Inusa ya karɓi allura ya zaro pus ɗinsa, wato ɗan katin layin nan, ya miƙa wa uwarsa wayar da hannu biyu, ana ta sa masa albarka. Shi a lissafinsa komai a cikin pus yake, kamar yadda lambobi suke bin sa a ƙananan wayoyin da ya saba da su tun yana yaro. Ya cire pus, ya cire asirinsa, shi ke nan. Allah sarki, ginin bene ya iya, wannan kuwa ba wanda ya taɓa koya masa.

Da hantsi washegari sai ga Rabi da wayar ƙulle a bakin zane, bakinta har kunne. Ta zauna a tabarmar Rahama, kafaɗa da kafaɗa, ta ce a sa mata layinta, a nuna mata inda ake dannawa a ji murya, amma kafin komai a nuna mata tekun nan, don Inusa ya ce ya ɗauki hotonsa. Ita tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tafki ba. Rahama tana dariya ta buɗe wurin hotuna. Hoton farko gini ne, na biyu Inusa a kan gada. Na uku Firdausi ce, a ɗakinta, a gaban madubin da Rahama ta sani sarai, ba ɗankwali, ba riga.

Rahama ba ta ɓata lokaci ba. Ta kife wayar a cinyarta tun kafin tsohuwa ta gama gyara zama. Allah ya taimaka idon Rabi ba ya gani kusa sai ta ɗaga abu ta nisanta shi.

«Inna, wannan wayar ta gaji da hanya,» in ji Rahama. «Sai ta wuni a kan caji, in gyara miki ita. Gobe ki zo ki ga tekunki.»

Rabi ta dube ta ɗan jim, ta ce to, ta yage bakin ƙyalle ta ɗaura wa wayar da kanta, ta tafi.

Rahama ta shiga ɗaki ta saki labule. Abin da za ta yi wa Firdausi a fili yake, ta goge. Amma ba a goge abu sai an nemo shi, kuma ba a nemo shi sai an bi ɗaya bayan ɗaya. Haka matar da shekara tara ba ta leƙa wayar kowa ba ta zauna tana bin rayuwar ɗan mutane wata-wata, tana istigfari. Na Firdausi goma sha ɗaya ne, ta goge su duka, ta bi har inda wayar ke tara abin da aka goge ta share. Sai dai ba na Firdausi kaɗai ba ne a ciki. Akwai na wasu mata, uku ko huɗu, da saƙonninsu, ana sa rana ana faɗin ɗaki. Akwai zauren hirar abokan ɗakinsa, inda suke tura wa juna irin waɗannan hotuna suna shewa. Ta duba da kyau, ta ga bai tura na Firdausi can ba. Tukuna dai. Sannan ta ci karo da wani saƙon murya da ya aika wa abokinsa wajen tsakiyar rani, yana tambayar sunan ƙwayar da ake sha in fitsari na ƙuna, abokin yana dariya yana ce masa ai shi ya ƙi amfani da roba, wai ba ya jin daɗi.

Ta ajiye wayar ta daɗe tana kallon jeren kwanukanta. Tsoro ta ji, da haushi, da wani tsohon baƙin ciki da ta ɗauka ya kwanta. Ta iya yin shiru, ai shiru ne sana'arta. Hotuna sun tafi, mutuncin yarinya ya tsira, tsohuwa za ta ga teku, bayan kaka a sha biki. Haka aka yi mata ita ma, aka kai ta da guɗa, ba wanda ya ce mata uffan.

Bayan la'asar ta leƙa ta katanga ta kira Firdausi. Da yarinyar ta ji abin da aka gani, da kuma wadda ke zaune a gefe lokacin da aka gani, sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska tana kuka. Rahama ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta gaya mata an goge. Firdausi ta rantse da Allah hoto ne kawai, bai taɓa taɓa ta ba. Ta ce wata biyu yana roƙo tana ƙi, har ya yi fushi ya daina kira. Ta ce ƙawayenta duk sun ce ana yi, mijin da za ki aura ne, mene ne a ciki.

«Ce mini ya yi, Yaya, in na tura masa, ba zai kalli matan can ba. Don in tsare shi na yi.»

Wannan magana ta soki Rahama fiye da hotunan. Ba ta nuna mata fuskar kowa ba, don su ma waɗancan matan ƴaƴan wasu ne. Ta dai kunna mata saƙon muryar nan. Firdausi ta saurara har ƙarshe, hawayen suka tsaya. Rahama ta ce mata ba ta ce ta fasa aure ba, wannan ruwanta ne, amma kada ta yarda a ɗaura sai sun je an duba jininsu su biyu.

Nan fa yarinya ta fara ja da baya. Ta ce ina ita ina wannan magana, ai zargi ne, in Inusa ya yi fushi ya fasa me za ta ce wa babanta, an riga an kai kayan sa rana. Ta ce kuma ai Inusa lafiyarsa ƙalau, ga shi ya yi ƙiba ya yi haske, mai irin wannan ciwo ai ana ganinsa, ramewa yake kamar kara. Rahama ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kawo rigakafi ya fi magani, duk a banza. Firdausi ta miƙe tana gyara mayafi tana godiya, da gani ka san maganar za ta mutu a bakin ƙofa.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rahama ta tashi ta sauke kwanuka ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe samira, ta ɗora wa Firdausi kwalbar a tafin hannu.

«Dube ni da kyau. Na yi miki kama da kara? Munkaila ba sammu ya kashe shi ba. Ranar da aka kawo ni shi ma ƙato ne, ya fi Inusa haske.»

Firdausi ta karanta takardar jikin kwalbar, don ta yi lise, ta dubi matar da ta sani tun tana ƙarama. Sai ta rungume ta.

Da a ce labari ne na daɗin baki, da nan zan ce komai ya daidaita. Bai daidaita ba. Rabi ta zo washegari ta ga tekunta, ta yi salati, ta tafi da wayarta fes. Firdausi kuwa ta cika alkawari, da Inusa ya zo zance ta gaya masa sharaɗinta. Ya yi tsalle ya dire, ya matsa mata sai ta faɗi wanda ya zuga ta. Yarinya ce, ga kuka ga tsoro, tana son ya yarda cewa ciwon ba ya nunawa a fuska, sai bakinta ya suɓuce ta ba da misali da Yaya Rahama. Magana kuwa zarar bunu ce. Inusa ya tuna da wayar, ya gane komai, kunya ta koma masa fushi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Kafin mako ya zagayo, daga bakin rijiya har layin masu rake an ji cewa Rahama mai caji tana binciken wayoyin mutane, kuma tana ɗauke da ciwon zamani.

Katakon nan da kan cika tun kafin azahar ya fara yin gibi. Wata ta aiko a ce ta sayi ƙaramin sola, wata ta ce mijinta ya hana, wasu ba su ma ba da dalili ba. Wadda ke aiko mata da fura ta daina. Akwai wadda ta zo karɓar wayarta ta kama ta da bakin mayafi, wai kada ta ɗauka. Rahama ta yi dariyar wannan a gabanta, ta shiga ɗaki ta yi kuka. Abin da ya fi ci mata rai shi ne rabin maganar gaskiya ce: ta buɗe abin da ba a ce ta buɗe ba. Firdausi ta zo neman gafara har sau uku, Rahama ta ce ta yafe, kuma da gaske ta yafe, ta dai tambaye ta ko tana nan kan sharaɗinta. Ta ce tana nan, ta ma gaya wa uwarta, uwar ta gaya wa uban, bayan kwana biyu uban ya aika gidan su Inusa cewa shi ma abin da ya gani ke nan.

Aka yi noman farko, aka yi maimai, gero ya fara fitar da kai. Wayoyi huɗu ne suka rage a katakon Rahama, ɗaya ma tata ce. Ba ta sake jin ɗuriyar gidan su Inusa ba, sai dai an ce biki an ɗaga.

Wata safiya tana shara sai ta ji sallama. Rabi ce, ta tsufa a wata biyun nan kamar an ƙara mata shekara goma. Rahama ta ɗauka faɗa ta kawo, ta shimfiɗa mata tabarma tana shirin haɗiye duk abin da za a gaya mata. Tsohuwa ta zauna, ta ce a ba ta ruwa. Rahama ta ɗauko sabon kofi, Rabi ta ce a'a, ta nuna moɗar da ke kan randa, wadda Rahama ke sha da ita. Ta sha, ta ajiye. Sannan ta ce tun ranar teku ta san akwai magana, don ba a kife waya haka a kan gini da gada. Ta ce ita ta tsare Inusa, ta ce in bai je an duba shi ba ba ta yafe masa nononta ba. Sai ta shiga murza bakin zanenta.

«Rahama, akwai abin da zan gaya miki, in kin ga dama ki yafe. Marigayi uban Inusa ɗakinsu ɗaya da Munkaila a Ikko. Ya san irin zaman da yake yi, ya gaya mini tun ana neman aurenki. Na ce ba ruwana, kada a ce na ɓata auren ɗan mutane. Na zo bikinki. Ni na yi miki guɗa a bakin ƙofar nan.»

Rahama ta dubi ƙofar. Shekara goma sha biyar, ko fentinta ba a sake ba. Sai ta zauna kawai, tsintsiya a hannunta.

Rabi ta kwance bakin zane ta fiddo wayar, ƙyallen nan na ɗaure a jikinta har yanzu. Ta miƙa hannu ta ɗora ta a kan katako, a wurin da ba kowa.

«Sa mini caji, ƴar nan. Kuma ki gaya mini ranar da za ki Damagaram saro igiyoyi. Inusa zai bi ki. An duba shi an samu, an rubuta masa magani irin naki, ya ce ba zai iya shiga shi kaɗai ba.»

Rahama ta ajiye tsintsiya, ta nemo igiyar da ta dace da bakin wayar ta soka, ta jira har ta ga alamar caji ta kama.

«Ran Litinin ne, Inna,» ta ce. «Ki ce masa ya karya kumallo kafin ya fito, layin yana da tsawo.»